Ƙwayoyin ƙarfe masu zafi da maganin shimiyo: nazarin lamarin wani mai sankarar hanji a Garwa

Majinyacin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar albasa ne mai shekara 56, mazaunin Garwa a arewacin Kamaru, wanda ke saro kaya daga gonakin bakin Binuwai da na wajen Marwa yana lodawa zuwa kudu. Na sakaya sunansa da na iyalinsa da na asibitocin da ya ratsa. Ni ma'aikacin jinya ne kuma maƙwabcinsa, kuma ni ne na riƙa karanta musu takardun likita daga Faransanci zuwa Hausa tun farkon jinyar, don haka abin da zan kawo a nan yawancinsa a gabana ya faru.

Ciwon ya fara ne da ganin jini a bayan gida, tare da taurin ciki na kwana biyu ko uku, sai kuma zawo ya biyo baya. Kamar yadda kusan kowa zai yi a unguwarmu, sai ya ce basir ne, ya shiga shan jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Da abin ya ƙi, wani mai shagon magani ya ce atini ne ya ba shi Flagyl. Haka aka yi ta fama har wata tara. Abin da ya tayar da hankalin uwargidansa shi ne ranar da ta ga zoben azurfarsa ya zame daga yatsa yana alwala, ta kuma lura cewa mazagin wandonsa ya yi tsawo fiye da yadda ta san shi. Gwajin jini ya nuna jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Jinin basir yawanci ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama bayan gida, shi kuwa nasa a cakuɗe yake da kashi da majina, launinsa ya yi duhu. Wannan bambanci ba ya yanke hukunci, amma idan ya haɗu da rama da ƙarancin jini da sauyawar yanayin bayan gida a mutumin da ya haura shekara 45, to, wajibi ne a leƙa cikin hanjin.

An tura shi Yawunde. Ya hau mota zuwa Ngawundere, daga can ya kwana a jirgin ƙasa tare da babban ɗansa. An yi masa kolonoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, aka tarar da ƙari a ƙarshen babban hanji ta ɓangaren hagu, aka gutsuro nama aka gwada, aka tabbatar sankara ce. Hoton sikana ya nuna hanta da huhu lafiya lau. Likitan fiɗa ya yanke wurin da ƙarin yake tare da kitsen da ke riƙe da shi, ya haɗa hanjin ya ɗinke. A cikin kaluluwa 17 da aka ciro tare da naman, an sami sankara a guda 5. Wannan shi ne mataki na uku: cutar ta fita daga bangon hanji ta shiga kaluluwa, amma ba a gan ta a wata gaɓa mai nisa ba.

A irin wannan mataki tiyata kaɗai ba ta wadatarwa, domin akwai yiwuwar wasu ƙwayoyin cutar sun riga sun bi jini sun maƙale a wurin da babu na'urar da za ta hango su. Saboda haka aka rubuta masa shimiyo, kamar yadda muke kiran maganin sankara a nan, na wata shida: zagaye 8, kowane zagaye mako uku. Ranar farko ta kowane zagaye ana ɗaura masa oksaliplatin ta ƙarin ruwa, sannan ya sha ƙwayar kafesitabin safe da yamma bayan abinci har kwana 14, ya huta kwana 7. Kafesitabin idan ya shiga jiki yana rikiɗa ya zama 5-FU, tsohon maganin da aka fara haɗawa a 1957, wanda har gobe shi ne ginshiƙin jinyar wannan cuta. Wani babban gwaji mai suna MOSAIC, da aka wallafa sakamakonsa a 2004 kan majinyata sama da dubu biyu, shi ne ya nuna cewa ƙara oksaliplatin a kan 5-FU bayan tiyata yana rage dawowar cutar.

Oksaliplatin yana da wata illa da ta fi yi wa mutumin Garwa ciwo. Kwanakin farko bayan ƙarin ruwan, duk abin da yake da sanyi yana zame wa majinyaci tamkar ya taɓa wayar lantarki. Zagayensa na uku ya faɗo cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40. Na shiga gidan da azahar na same shi a zaure, an ajiye masa kofin ruwan randa yana kallonsa, ba ya iya sha, domin kurɓa ɗaya ta sa maƙogwaronsa ya shaƙe kamar an ɗaure shi da igiya. Sai da jikanyarsa ta ɗora ruwan a wuta ya yi ɗumi sannan ya sha. Tafin hannunsa da na ƙafarsa kuma sun yi baƙi suna saɓa, wanda aikin kafesitabin ne.

Abin da ɗan ya gani a waya

A makon nan na zagaye na uku ne babban ɗan ya same ni bayan sallar isha'i da wayarsa a hannu. Wani abokinsa ya turo masa bidiyo ta WhatsApp, da Faransanci, ana nuna wasu baƙaƙen ƙwayoyi suna shiga cikin ƙari, ana kunna na'ura, ƙarin ya yi ja ya narke, lafiyayyen nama kuwa ko gezau. Ya ce da ni: "Baffa, ka ga yadda Baba yake shan wahala. Idan akwai maganin da zai je kan ciwon kai tsaye, me ya sa za mu bar shi ana zuba masa guba a jini? Na yi magana da mai sayen filinmu na bakin kogi, mu tsayar da wannan shimiyo mu fitar da shi waje."

Ban ɗauki maganarsa da wasa ba, kuma ban so a ɗauke ta haka, domin abin da ya gani yana da tushe a kimiyya, kuma tausayin mahaifi ne ya kawo shi. Na nemi ya ba ni kwana uku.

Ƙwayoyin da ake magana a kansu na sinadarin ƙarfe da iskar oksijin ne, dangin tsatsa, irin baƙin da maganaɗisu ke ja. Ana auna girmansu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Waɗanda aka yi amfani da su don ɗumama ƙari a jikin mutane girmansu kimanin nanomita 15 ne, alhali kaurin silin gashi guda yana kaiwa nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Ana lulluɓe su da wani rufi don kada su dunƙule, a zuba su cikin ruwa, a yi allurarsu cikin ƙarin. Daga nan sai a kwantar da majinyaci a cikin na'urar da ke samar da ƙarfin maganaɗisu mai juya fuska kimanin sau dubu 100 a daƙiƙa guda. Kowace ƙwaya tana ƙoƙarin bin wannan juyi, ko dai ta wulwula gaba ɗayanta a cikin ruwan da take, ko kuma alƙiblar maganaɗisun da ke cikinta ta riƙa kifewa tana tashi, kuma a hanyoyin biyu ƙarfin da ta karɓa yana fita a matsayin zafi. Wanda ya taɓa murza tsinke tsakanin tafukansa da sauri har ya ji ɗumi ya san asalin abin.

Zafin da ake nema ba na ƙuna ba ne. Tsakanin digiri 41 zuwa 43 ne, a riƙe shi kusan awa guda. Da na faɗi wannan a gaban majinyacin daga baya, sai ya tambaye ni da gaske ko zafin Garwa bai isa ya yi wannan aikin ba, tunda yana kaiwa haka. Tambayar tana da ma'ana, amsarta kuma tana bayyana dabarar baki ɗaya. Jikin mutum yana tsare kansa a digiri 37 ta hanyar gumi da gudun jini, komai zafin rana. Lafiyayyen nama idan ya ji zafi sai jijiyoyinsa su buɗe, jini ya kwashe zafin ya tafi da shi. Jijiyoyin da ƙari ke ƙirƙira wa kansa kuwa a hargitse suke, ba sa iya wannan aiki da kyau, sai zafin ya taru a ciki.

Haɗa zafin da shimiyo shi ne ya fi jan hankalin masu bincike. Ɗumi yana ƙara kwararar jini zuwa ƙarin, don haka magani ya fi isa. Yana sassauta fatar ƙwayar halitta, magani ya fi kutsawa. Yana kuma raunana sinadaran da ƙwayar sankara ke gyara kanta da su bayan magani ya lalata mata DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da tsarin halittarta. Magungunan dangin filatinom, irin su oksaliplatin, suna cikin waɗanda zafi ke ƙara wa kaifi sosai a gwajin ɗakin bincike. An kuma ƙirƙiro wata hikima ta ɗaure maganin a jikin ƙwayar da kanta, a rufe shi da wani maiƙo da ke daskare a zafin jiki amma yana narkewa idan ya kai digiri 41 ko 42, kamar yadda man kaɗe ke tsaye da safe ya narke da hantsi. Manufar ita ce maganin ya kasance a kulle yayin da yake yawo a jiki, sai a wurin da aka ɗumama ya zube, ta yadda yatsu da maƙogwaro za su huta.

Wani abin da ya burge ni da na bi tarihin shi ne, sankarar hanji ce ta haifi wannan tunani. A 1957, shekarar da 5-FU ya fito, wani likitan fiɗa a Shikago ta Amurka mai suna Gilchrist da abokan aikinsa suka damu da ƙwayoyin sankara da ke saura a kaluluwa bayan an yi wa hanji tiyata. Suka yi wa karnuka allurar ƙwayoyin ƙarfe a bangon hanji, ƙwayoyin suka gangara suka taru a kaluluwa, sannan suka nuna cewa ana iya ɗumama kaluluwar da ƙarfin maganaɗisu. Matsalar da suka so warwarewa ita ce dai matsalar maƙwabcina. Shekara sama da sittin sun shige, kuma wannan hanya ba ta zama maganin sankarar hanji da hukumomin magunguna suka amince da shi ba.

Inda ta fi nisa shi ne sankarar ƙwaƙwalwa. Andreas Jordan da abokan aikinsa a birnin Balin na Jamus sun kai ta ga mutane, kuma a 2010 aka ba maganin irin waɗannan ƙwayoyin ƙarfe mai suna NanoTherm izinin amfani a Turai don ƙarin ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka wallafa a 2011, majinyata 59 da sankarar giliyobilastoma ta dawo musu sun karɓi allurar ƙwayoyin a cikin ƙarin, aka ɗumama su sau shida, awa guda kowane zama, tare da gashin haske, wato gasa ƙarin da hasken na'ura, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu bayan dawowar cutar ya kai wata 13.4. Sai dai ba a kwatanta su da wani rukuni da aka zaɓa ta ƙuri'a ba, kuma kafin a sa mutum a na'urar sai an cire duk wani ƙarfe da ke kusa da wurin, har da cikon haƙori.

Game da hanji kuwa, abin da ake da shi yawancinsa daga kwanon gwaji ne da ɓeraye. Ana dasa ƙwayoyin sankarar hanji a ƙarƙashin fatar ɓera, su yi ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa, a soka allura a cikinsa ana gani da ido, a ɗumama, a ba da magani, kuma sau da yawa ƙullin yana raguwa fiye da yadda zafi kaɗai ko magani kaɗai zai rage shi. Wannan sakamako gaskiya ne kuma abin ƙarfafa gwiwa ne. Amma hanjin ɗan Adam yana can cikin ciki, yana motsi dare da rana, bangonsa siriri ne, cikinsa cike da ƙazanta, kuma idan zafi ya wuce kima ya huda shi, rai na cikin haɗari. Ƙarfin maganaɗisun da kansa yana haifar da ɗan lantarki a lafiyayyen nama, kuma gwargwadon faɗin gaɓar gwargwadon ƙaruwarsa, shi ya sa ciki da ƙugu ba sa jure ƙarfin da kai ke jurewa. Idan kuma aka ce a zuba ƙwayoyin ta jijiya su nemi ƙarin da kansu, bisa abin da Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan a 1986 cewa jijiyoyin ƙari suna yoyo, to, wani nazari daga Jami'ar Toronto a 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma ya gano cewa kimanin kashi 0.7 cikin 100 ne kawai ke isa ƙarin. A cikin kowace ƙwaya dubu, bakwai ke nan. Kaso mai yawa na sauran hanta da saifa ne ke tsince shi.

Akwai kuma darasin da ya fito daga mutane masu sankarar hanji su kansu, ko da yake ba da ƙwayoyin ƙarfe ba. Idan cutar ta bazu a fatar da ke lulluɓe da kayan ciki, likitoci sukan kankare duk abin da ido ya gani, sannan su wanke cikin da ruwan shimiyo mai zafi, aikin da ake kira HIPEC. Wani gwaji a Holan a 2003 kan majinyata 105 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyatar da wankin sun fi waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba daɗewa a raye, wata 22.3 a kan 12.6, amma bai rarrabe ko tiyatar ce ta yi aikin ko wankin ba. Sai Faransawa suka yi gwajin PRODIGE 7 kan majinyata 265, inda aka yi wa kowa tiyatar, aka ƙara wa rabi wankin oksaliplatin mai zafin digiri 43 na minti 30. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna wata 41.7 a ɓangare ɗaya, 41.2 a ɗayan, wato babu bambancin a zo a gani, kuma waɗanda aka yi wa wankin sun fi samun matsaloli daga baya. Maganin da zafi ke ƙara wa kaifi a kwanon gwaji ke nan, aka gwada shi a cikin mutane yadda ya kamata, ribar ba ta fito ba. Wannan bai rufe ƙofar bincike ba, domin wasu na ganin minti 30 ya yi kaɗan, amma ya isa ya sa mai hankali ya jira hujja kafin ya sayar da gonarsa.

Zaman da aka yi a zaure

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna da majinyacin da ɗansa da ƙanensa, uwargidan kuma tana ji daga bayan labule. Na bayyana musu abin da ke sama a taƙaice, amma hujjar da ta fi shiga ita ce mafi sauƙi. Na tambayi ɗan: a bidiyon, ina aka soka allurar? Ya ce a cikin ƙarin. Na ce to ina ƙarin Baba yake yanzu? Ya yi shiru, sannan ya ce an cire shi a Yawunde. Wannan ita ce maganar. Ƙwayoyin ƙarfe suna buƙatar dunƙulen da za a gani a hoto a cika shi da su, domin zafi ba ya taruwa sai ƙwayoyin sun yi yawa a wuri guda. Abokin gabar da ya rage wa mahaifinsa, idan ma akwai shi, ƙwayoyi ne ɗaiɗaiku da babu wanda ya san inda suka ɓuya, ko a hanta ko a huhu ko a wata kaluluwa. Abin da ke iya riskarsu shi ne maganin da ke bin jini ya zaga ko'ina, kuma wannan zagayen da yake yi shi ne dalilin da ya sa yake taɓa yatsu da maƙogwaro. Tsayar da shi a zagaye na uku don neman abin da ba a fara yi wa masu irin cutarsa ba sakin reshe ne a kama ganye.

Na ƙara gaya musu cewa duk wanda ya yi musu tayin wannan magani don sankarar hanji a kan kuɗi, su tambaye shi sunan gwajin da aka yi wa rajista da hukumar da ta ba da izini, domin a gwajin gaskiya ana bayyana wa majinyaci a rubuce cewa ba a san ko abin zai yi amfani ba, kuma ana neman yardarsa kafin a fara.

Majinyacin ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Da na gama sai ya dubi ƙanensa, domin ba ya kiran sunan ɗan fari, ya ce: "Ka gaya wa yaron nan Allah ya yi masa albarka, na ga abin da yake nufi. Filin nan na ƙannensa ne, a bar shi. Zan ƙarasa abin da na fara." Ɗan ya sunkuyar da kai yana share ido.

Abin da ya dace da kukan ɗan shi ne a rage wa mahaifin wahala, kuma akwai hanyar yin hakan. Na rubuta wa likitan da ke kula da shi bayanin illolin dalla-dalla, wanda a baya majinyacin yake ɓoyewa don kada a ce ya cika raki. Likitan ya rage adadin kafesitabin, ya ba da man shafawa na hannu da ƙafa, ya umarta a ɗumama duk abin sha na kwanakin farko bayan ƙarin ruwa. Bayan zagaye na shida, da dindiris ɗin yatsun ya daina tafiya tsakanin zagaye da zagaye har ya fara kasa ɓalle maɓallin rigarsa, sai aka dakatar da oksaliplatin aka ƙarasa zagaye biyun ƙarshe da ƙwaya kaɗai, wanda abu ne da likitocin sankara ke yi don kada jijiyoyin su lalace har abada.

Ya kammala zagaye na takwas. Hoton sikana da aka yi bayan nan bai nuna komai a hanta ko huhu ba, kuma gwajin jinin CEA, wanda ake bibiyar wannan cuta da shi, yana daidai. Wannan ba ya nufin an gama, domin mafi yawan dawowar sankarar hanji tana faruwa ne a shekara uku na farko, don haka zai riƙa yin gwajin jinin duk wata uku zuwa shida, da hoto lokaci-lokaci, da wata kolonoskofi shekara guda bayan tiyatar, har a cika shekara biyar. Ya koma kasuwa, ko da yake a zaune yake lissafi yanzu, yara ke hawa mota. Tafin ƙafarsa har yau bai gama farfaɗowa ba, wani lokaci takalmi yakan zame masa a hanyar masallaci bai ji ba sai an nuna masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum sama da miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan cuta a duniya, sama da dubu 930 kuma suka rasu, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ta. Shawarar likitoci ga irin waɗannan ita ce su fara kolonoskofi a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano cutar a jikin ɗan'uwan nasu, duk wanda ya riga zuwa. Babban ɗan yana da shekara 31, da sauransa. Ƙanen majinyacin kuwa, wanda aka aika da saƙon a zaure, yana da 49, kuma ya shaida mini a keɓe cewa shi ma yakan ga jini jefi-jefi, yana shan maganin basir. An ba shi rana a Yawunde a wata mai kamawa, kuma ɗan wansa ne zai raka shi a jirgin.